Kogon Bahaguwa

Ku ajiye abin da ke hannunku ku saurare ni, 'ya'yana, har da kai babba da kullum kake "ina kan hanya". Masu bin shafin nan ma ku matso, ba na maimaita magana.

Akwai wani direban babbar mota, mutum ne da ko ruwa a tsaye yake sha. Uwarsa ta tsufa, ido ya fara rufewa, inuwa-inuwa kawai take gani. A kan duwatsu aka haife ta, a wani tsohon ƙauye na koguna da jama'a suka watse daga cikinsa tun tana 'yar shekara bakwai. Buri ɗaya ya rage mata: ta shiga kogon mahaifiyarta kafin ƙafa ta ƙi.

Shekara uku yana ce mata sai wani satin. Autarsu, wadda tela ce, ita ta tare shi a ƙofar gida rannan har ya ɗauko mukulli.

Mota ta tsaya a gindin dutse, saura ƙafa. Tsohuwa taku goma, hutu. Direba na gaba yana kaɗa mukulli, waya na ta kuka a aljihu, masu kaya na jiransa.

"Inna, a wannan tafiyar ai a nan shekara za ta same mu."

"Kai da ka shekara biyu kana rarrafe, na taɓa ce maka ka yi sauri?"

Suka isa. Koguna birjik a jikin dutse kamar saƙar zuma, sun fi ɗari. Rufi ya yi baƙi ƙirin da tsohon hayaƙi, ga fasassun tukwane, ga rumbunan laka sun zube, ga warin jemage. Ba kowa sai ƙadangaru. Tsohuwa ta rikice. Ta shiga wannan, ta fito, ta shiga wancan. Hadari ya fara haɗowa.

A kogo na tara direba ya leƙa, ya ɗaga murya.

"Inna, ga shi! Ga rumbu biyu yadda kika faɗa, ga tsagar da haske ke shigowa."

Rumbu ɗaya ne. Tsaga kuwa babu. Ya harari ƙanwarsa don ta ja bakinta.

Tsohuwa ta durƙusa tana hawaye, tana kiran uwarta, tana lalube har hannunta ya faɗa ramin niƙa da ke jikin dutsen. Ta shafa. Ta sake shafawa. Hawayen ya tsaya.

"Mai ɗakin nan da hannun dama take niƙa. Uwata bahaguwa ce, ta hagu dutsenta ya cinye."

"Haba Inna, rami ai rami ne. Wa zai gane?"

"Ni. Je ka, kayanka na jira."

Tela ta kama hannunta. "Mu je, Inna. Ke ki taɓa, ni in faɗa miki abin da na gani."

Haka suka bi kogo bayan kogo. "Nan rumbu ɗaya ne." "Nan ban gane ba, duk ya rushe." Yayyafi ya sauko, tsohuwa ta goge gwiwa har jini. Direba bai tafi ba, bai kuma zauna ba, sai safa da marwa yake a bakin hanya.

A kogo na ashirin da wani abu, ta shafa rami ta ji ya zurfafa ta hagu. Ta ɗora tafin hagunta, ya zauna cif. Ta daɗe a haka.

Wajen saukowa dutse ya jiƙe, sai santsi. Direba ya miƙo hannu.

"Inna, riƙe ni, ga mataki nan."

Ta tsaya cak. Ta juya. "Auta, akwai mataki?"

"Akwai, Inna."

Sannan ta taka.

Haka abin ya zauna har yau. Ido ya rufe ɗungurungum. In ya ce ga kujera, sai ta sa ƙafa ta laluba. In ya miƙa mata magani ya ce na safe ne, sai ta damƙe a hannu har tela ta zo. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Kullum yana zuwa ya zauna gefen gadonta kamar baƙo. Shi ya ce gwiwarta ya tausaya wa. Ita ta ce kansa ya tausaya wa.

Darasi: Wanda ya jingina da idonka, kada ka yi masa ƙarya don ka huce gajiya. Gajiyar yini ɗaya ce, yardar kuwa in ta tafi ba ka san ranar dawowarta ba. Ku tura wa duk mai tsoho a gida. Ku kuma 'ya'yana, ku zauna ku yanke min: tsohuwar nan ta kama hannunsa haka nan, ko da saura? Baki ɗaya nake son ji, kada ku zo min da biyu.