Ladanin da Ya Yi Dariya a Lasifika

Ku gyara zama, kada wanda ya yanke hukunci sai na kai aya.

An yi wani ladan a garinmu, Malam Zubairu. Shekara talatin da ɗaya yana kiran salla, ko sigari bai taɓa kaiwa baki ba. Da girma ya zo, ciwon gwiwa ya sa shi gaba. Ranar kasuwa wani mai tallar magani a mota ya miƙa masa 'yar kwalba. Da Malam ya ji da man wiwi aka haɗa, ya yi a'uziyya ya ajiye.

Mutumin ya ce, "Haba Baba, duba takardar jikinta. An tace abin da ke bugarwa, ko ɗigo babu. Ga lambar hukuma nan."

Malam ya karanta da idonsa, ya saya, ya sha cokali ɗaya kamar yadda aka rubuta.

Azahar ta yi, ya kama lasifika. Yana cikin kabbara ta biyu harshensa ya karye, sai dariya ta ƙwace masa, gari duka na ji. Mata suka saki taɓarya, 'yan kasuwa suka yi cirko-cirko suna salati. Kafin a iso ya yanke jiki ya faɗi.

'Yarsa Lantana, ma'aikaciyar jinya, ita ta keta taron maza. Ana cewa aljanu ne a kawo hayaƙi, ta taɓa wuyansa ta ji zuciya na tsere, ta sa aka kai shi asibiti. Likita ya ce da an ƙara rabin sa'a, sai dai gawa.

Amma gwajin asibitin ya nuna wiwi a jikinsa. Da ya farfaɗo aka gaya masa dattawan masallaci sun tuɓe shi. Ya juya fuska bango ya ce, "Da kun bar ni na mutu." Ya daina cin abinci.

Ɗansa Tukur ya tona juji har ya samo kwalbar, ya kai ta birni wurin masu awon magunguna. Aka tarar abin da takarda ta ce babu shi ne ya fi yawa a ciki, lambar kuma ta bogi ce. Sai dai dattawa suka ce ɗa ai dole ya wanke ubansa, ina shaidar daga kwalbar nan ya sha?

Nan autarsa Barira ta shiga gida-gida, kwana tara. Ta gano tsofaffi biyar da suka sha maganin suka bugu, kunya ta sa suka ɓoye, har da ƙanwar liman. Ta lallashe su suka yi magana gaban jama'a, ta kai ƙara hukuma aka kama motar da kwali arba'in. Liman da kansa ya zo ban haƙuri, ran Juma'a Malam Zubairu ya koma kiran salla.

Yana da Alƙur'ani guda, rubutun hannun kakansa, ya ce na wanda ya cece shi ne. Har yau yana kan gadonsa, ya kasa miƙawa.

To jama'a, Lantana, Tukur ko Barira, hannun wa ya kamata ya karɓa?