Ranar da Hashim Ya Kama Bakinsa a Kasuwar Shanu

Akwai wani bawan Allah a unguwar Wulari mai suna Hashim. Ɗan dillalin shanu ne, amma neman abinci ya kai shi Legas. Sai shekara-shekara yake leƙo gida, ya yi sati guda ya koma.

A wannan zuwan ya tarar 'yarsa Mu'mina ta cika shekara biyar, kuma sam ba ta yarda da shi ba. Ya kawo riga, ya kawo 'yar tsana, duk ta hannun uwarta Zainaba ta karɓa. In ya shigo ɗaki sai ta ɓuya bayan uwar ta ce, "Mama, mutumin nan ya dawo."

Abin yana ci masa rai ƙwarai. Saura kwana uku ya koma, ko sau ɗaya bai ji ta kira shi Baba ba.

Shi Hashim irin mutanen nan ne da suka yarda komai sai da gwani. Ya kwashi iyalinsa zuwa gidan namun daji, ya ɗauki mai zagayawa da baƙi, wani Malam Dzarma. Mutumin ya san aikinsa, ba laifi. Ya faɗi shekarun kada, ya faɗi abin da jimina take ci, ya ce a matsa gaba.

Mu'mina kuwa wani ƙadangare ta gani a kan dutse, ta tsuguna tana kallonsa yana gyaɗa kai.

Hashim ya ce, "Ke tashi mana! Ana nuna miki kada, kina kallon ƙadangare?"

Yarinya ta tashi, ta je ta kama hannun Malam Dzarma. Ba ta sake shi ba har bakin ƙofar fita, uban yana biye da su a baya.

Da yamma labari ya kai kunnen maƙwabciyarsu Clementina, 'yar Ibo mai shago a bakin layi, wadda kowa ke kira Maman Gift. Ta yago takarda ta zana abubuwa huɗu, tunda Mu'mina ba ta fara karatu ba, ta kawo wa Hashim har ƙofar gida.

"Baban Mu'mina, gobe ka kai ta Kasuwar Shanu inda ka tashi. Ita za ta nemo waɗannan da kanta. Kai ka bi ta kawai. Ba nunawa, ba bayani. Ko ka gani, ba ka gani ba."

Hashim ya duba takardar. Ga igiya, ga butar mai shayi, ga ɗan maraƙi. Ya ɗora yatsa kan na huɗu ya ce, "Madam, wannan kare ne?"

"Chineke! Saniya ce! Mai kumburarren ƙahon nan ta bakin Tafkin Chadi."

"Oho, Kuri ke nan. Ai ita Kuri asalinta..."

"Ka gani? Har ka fara. Ni ma haka na yi ta cika 'yata Gift da bayani tana ƙarama, na san abin da nake faɗa. Bakin nan naka ka bar shi a gida."

Washegari da safe suka hau keke mai ƙafa uku su uku, suka sauka a bakin kasuwa. Mu'mina ta riƙe takarda da hannu biyu, Zainaba tana gefenta, Hashim yana baya yana kare su daga turereniyar shanu.

Jama'a, ku ce ɗan dillali ya yi shiru a kasuwar ubansa, ai kun ɗora masa babban aiki. Tun daga bakin shiga ya hango Kurin, fara sol, can bayan wani garken jajayen shanu. Mu'mina ta juya ta nufi wani wajen daban. Ya buɗe baki, Zainaba ta harare shi, ya rufe.

Mu'mina ta samo igiya, ta yi tsalle. Ta samo butar mai shayi. Wajen ɗan maraƙi ta tsuguna ta daɗe tana yi masa magana. Wannan karon Hashim bai ce ta tashi ba. Ya tattare rigarsa ya tsuguna shi ma, ɗan nesa da ita. Ta dube shi ta gefen ido, ba ta matsa ba.

Wani tsohon dillali, Ba'ana, aminin mahaifinsa, ya gane shi, ya yi masa gaisuwa da yarensu. "Wushe, Hashim! Yaushe a gari? Me jikata take nema, in nuna mata?"

Hashim ya sunkuya ya gaishe shi, ya ce a hankali, "Baba, don Allah kar ka nuna. Ni ma an hana ni."

Rana ta fara zafi. Sau uku yarinyar tana wucewa ta gaban jajayen shanun nan, amma ita a ƙasa take, ƙafafu kawai take gani. Idonta ya ciko da hawaye. Tausayinta ya kama Hashim, ya ji in bai nuna ba zuciyarsa za ta fashe. Ya dunƙule hannayensa cikin aljihu ya daure.

Ta ce, "Mama, ɗaga ni."

Zainaba ta ɗaga ta, amma ita ma gajeriya ce, tozon shanun ya tare musu gani. Ta sauke ta.

Mu'mina ta tsaya ta dubi Hashim tun daga takalmi har hula, tana auna tsayinsa. Sai ta ja gefen rigarsa.

"Baba, kai ɗaga ni."

Ya ɗora ta a wuyansa. Nan take ta ƙwala ihu, "Ga ta! Ga ta can!"

Ya ce, "Ina? Ban gani ba." Kuma a lokacin gaskiya ya faɗa, don hawaye sun rufe masa ido.

Ta kama kunnuwansa biyu ta juya kansa wajen saniyar. Ta leƙo fuskarsa daga sama ta ce, "Baba, kai ba ka iya nema ba. Gobe ka sake kawo ni in koya maka."

Darasi: Mai zagayawa da baƙi zai ba ɗanka ilimi, kuma ilimi yana da daɗi. Amma ƙaramin yaro ya fi sabawa da wanda ya yi haƙuri ya bi shi a baya, ya bar shi ya gano abu da kansa. Ku tura wa iyayen da aiki ya nesanta da 'ya'yansu, wataƙila wani yana buƙatarsa yau.