Karfasa da Ruwan Falale

Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta iso, kunnuwanmu a buɗe!

Wata kifanya ce, Karfasa, da 'ya'yanta tara. Tafkinsu na ƙafewa, dole su gangara babban kogi. Hanya kuwa ɗaya ce, ta kan wani falalen dutse. Ruwa na bin falalen nan sumul, garau, ko allura ta wuce sai an gan ta. A ƙarshen falalen ga Zalɓe tsaye, mai dogon baki, maras imani.

Ɗa ɗaya ya gwada, caraf! Wani ya gwada, caraf! Saura bakwai.

Hankalin Karfasa ya tashi. Ta kai, ta komo. Ta kaɗa wutsiya a saman ruwa don ya gurɓace. Ruwa ya shafe, ya koma sumul. Ta watsa laka. Ruwa ya kwashe, ya koma garau. Zalɓe har da hamma.

Tsohuwa Ƙaguwa ta leƙo daga rami ta ce, "Ke 'yar nan, kin hana mu sakat. A sama kike faɗa? Ruwan nan hawa-hawa ne. Na sama gudu yake, na ƙasa rarrafe yake, manne da dutse. Taɓa na ƙasa ki gani."

"Da me, Kaka? Ko tsakuwa ba ta zama a falalen nan."

"To, ke ba abu ba ce?"

Tsoro ya kama Karfasa, amma ta nutsa. Ta kwanta a kan dutsen, ta ƙanƙame. Ruwan ƙasa ya yi tuntuɓe da ita, ya ɗan karkace. Karkata ta haifi karkata. Ƙarama ta zama babba. Na ƙasa ya hau sama, na sama ya faɗo ƙasa. Kafin ya kai ƙafar Zalɓe, ruwa ya hautsine, sai juyi, sai kumfa!

Karfasa ta ce wa 'ya'yanta, "Ku wuce! Ku wuce!"

Zalɓe ya sara, dutse. Ya sara, kumfa. Ya sara, wayam. Bakwai suka wuce.

Sai ya hango uwar kwance a ruwa garau. Ya tako. Ta saki dutse, ta bi sauran kumfar. Bakinsa ya same ta a gefen kunne, amma ta sha.

Shi ya sa har gobe karfasa ke da baƙin tabo a wajen. Ku duba in an kawo ta kasuwa.

Ƙurunƙus, na sauke a nan. Wanda ya san inda zai taɓa, ƙanƙantarsa ba ta hana shi motsa babba.