Saƙon da Jonah Ya Bari a Cikin Kwamfuta

Akwai wata mata a wani ƙauye kusa da Kwali, sunanta Rita, amma kowa Maman Gift yake ce mata. Maginiyar tukwane ce. Duk kasuwar Kwali an san ta da abu biyu: tukunyarta ba ta yoyo, bakinta kuma ba ya sauka daga farashin da ta faɗa. In kuwa ita ce mai saye, sai mai kaya ya gaji ya ce ta ɗauka ta tafi.

Tana da al'ada irin ta masu sana'arta. Duk tukunyar da ta fito daga wuta sai ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ta kasa kunne. In ta yi ƙara garau, lafiyarta ƙalau. In ta yi dum, akwai tsaga ko da ido bai gani ba. Shekara talatin kunnenta bai taɓa ba ta kunya ba, har ta kai ga ba ta yarda da kunnen kowa sai nata.

Mijinta Jonah ma'aikaci ne a wani sito a Idu. A shekarar 2013 ya sayo kwamfutar hannu, tokumbo, wato wadda aka riga aka yi amfani da ita a ƙasar waje, baƙa mai nauyi. Tun a lokacin ba ta da hanzari. Yakan kunna ta, ya je ya wanke fuska, ya dawo ya tarar tana jiransa.

A 2018 ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Wata rana da hantsi ya ce kowa ya fita daga ɗakin, ya sa aka ɗora masa kwamfutar a cinya. Ya daɗe a ciki shi kaɗai. Da Rita ta shigo, ta tarar idonsa ya yi ja.

"Na bar wa Gift magana a ciki," in ji shi. "Abin da zan faɗa mata ne ranar aurenta da ina nan. Ke za ki kunna mata, a gaban mutane."

"Kai za ka faɗa mata da bakinka," in ji Rita. "Bar wannan zance."

Sati uku bayan nan aka binne shi. Gift, 'yarsu tilo, tana da shekara goma sha bakwai.

Rita ta naɗe kwamfutar a zani, ta sa a akwatin ƙarfe. Ba wanda ya saurari saƙon, har ita kanta. Duk bayan 'yan watanni sai ta sa Gift ta fito da ita, a yi mata caji, a kunna, a ga sunan saƙon yana nan a kan allo, a mayar.

Sai dai kowace fitowa, kwamfutar tana ƙara nawa. Da farko minti biyar take yi kafin ta nemi lambar sirri. Ya koma goma. Ya kai ga ko an sa lambar, wani ɗan zobe zai yi ta juyawa a tsakiyar allo har a gama tuƙa tuwo. In abin ya ishi Rita sai ta ƙwanƙwasa murfin, kamar mai tayar da malalaci daga barci. Wani lokaci, bisa katari, sai ta buɗe a daidai lokacin, Rita ta ce, "Kin gani? Hannu take so."

A 2022 Gift ta matsa sai an kai ta wajen mai gyara. Suka hau mota zuwa Zuba, wajen wani Malam Usaini, mai ɗan shago a bayan masu sayar da lemo da kankana. Mutum ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana.

Ya kunna ta, ya ajiye wayarsa a gefe yana duba lokaci. Minti goma sha takwas kafin ta nemi lambar sirri, wasu bakwai kafin ta buɗe.

"Abu uku ke damun ta," ya ce. "Na farko, akwai tarkacen manhajoji da ke tashi tare da ita duk lokacin da aka kunna, kowa yana neman a fara da shi. Waɗannan zan hana su. Na biyu, ƙura ta toshe fankar da ke cikinta, tana zafi. Zan hure ta."

Ya yi duka biyun a gabansu. Sannan ya sake kunnawa, ya kara kunnensa a jikinta, ya daɗe.

"Mama, matso ki ji na ukun."

Rita ta sunkuya. Can ciki wani abu yana yin ƙyas, ƙyas, ya yi shiru, ya sake.

"Faifan ajiya ke nan," in ji Malam Usaini. "Duk abin da maigidanki ya bari a kansa yake. Juyawa yake yi kamar faifan garmaho, da 'yar allura tana karantawa. Wannan ƙarar, allurar ce take neman hanya tana rasawa. Shi ya sa take daɗewa. Ya kusa mutuwa. A kwashe komai yau a sa a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, sannan a canza shi."

Rita ta ja kwamfutar gabanta, ta ƙwanƙwasa ta sau uku, ta kasa kunne.

Malam Usaini ya ɗaga hannu da sauri. "Don Allah, Mama, kar ki ƙara. Duka shi ya fi komai lahanta shi, musamman in yana juyawa."

"Malam, ni za ka koya wa sauraron kaya? Ji ƙararta, garau. Ba tsaga ko ɗaya a jikin nan."

"Ai ba tukunya ba ce."

"Na sani ba tukunya ba ce. Na kuma san ku. Ka cire na asali da mijina ya saya, ka sa min na banza, ka sayar da nawa kafin in kai Gwagwalada."

Bai yi fushi ba. Ya ce, "To, kar a canza. Ki bar ni in kwashe miki saƙon kawai. Ga filash, kyauta na ba ki."

Rita ta yi dariya. "Kyauta? A Zuba? Nan da ko ruɓaɓɓen lemo sai an yi ciniki? Ka kwashe, gobe in ji muryar mijina a wayar 'yan acaɓa."

"Mama, please," in ji Gift. "Ko a wayata a sa. Ba zan saurara ba, na rantse."

"Muryar babanki ba za ta kwana a waya tare da bidiyon rawa ba. Inda ya sa ta, nan za ta zauna."

Gaskiyar magana, Jonah bai taɓa cewa kada a kwafa ba. Rita ce ta ƙara wannan daga kanta, ta kuma riƙe shi kamar wasiyya.

Ta tsaya ta yi cinikin ladan hure ƙura har Malam Usaini ya ce ta ba da abin da ta ga dama. Suna fita ya biyo su bakin ƙofa.

"Abu ɗaya, Mama. Wata rana za ta rubuta cewa tana duba faifai. In kin ga haka, ko wuni za ta yi, ki ƙyale ta. Kar ki kashe, kar ki taɓa."

"Na ji," ta ce, ba ta ko waiwayo ba.

Da suka koma gida, kwamfutar ta buɗe cikin minti goma. Rita ta bi maƙwabta tana ba da labarin yadda wani mai gemu ya so ya yi mata wayo a Zuba, ta gane shi.

A 2024, bayan Ista, aka sa ranar auren Gift da wani saurayi mai suna Innocent. An buga takardar shirin biki, a cikinta an rubuta, bayan yanka kek: Saƙon uban amarya. Labari ya bazu. Tsofaffin abokan aikin Jonah suka ce za su zo daga Idu don wannan kaɗai. Gift kuwa ta ce wa uwarta, "Ni duk bikin nan, wannan nake jira. Na fara manta yadda muryarsa take."

Ranar Asabar, bayan an dawo daga coci, aka cika a ƙarƙashin rumfuna a filin makarantar firamare. Rita ta kawo kwamfutar da kanta, ta zauna kusa da mai saka kiɗa a na'ura, aka jona kwamfutar da lasifika. Awa guda kafin lokaci ta sa aka kunna, don ta san halinta.

Ba ta nemi lambar sirri ba. Wani rubutu ne ya fito, da ɗan zobe yana juyawa a ƙasansa.

"Me ta ce?" Rita ta tambayi mai kiɗan.

"Madam, ta ce tana duba faifai. Wai zai iya ɗaukar sama da awa. A jira."

Nan take ta tuna wanda ya faɗa mata haka. Lambarsa tana wayar Gift. Amma ta kira mutumin da ta yi wa dariya a gaban shagonsa? Ta naɗe hannu ta zauna.

Aka ci abinci. Aka yi rawa. Aka yanka kek. Thaddeus, ƙanin Jonah, wanda ke gabatar da shiri, ya zo ya sunkuya kusa da ita.

"Matar yaya, ya ake ciki? Mu tsallake mu yi rawar iyaye, in ta gama sai mu dawo kansa."

"Ba za a tsallake mijina ba."

"Ba tsallakewa ba ne. Ko da yamma ne a gida, ai za a ji."

"A gaban mutane ya ce."

Ta ɗaga kai ta ga dangin ango suna kallon teburin. Wata daga cikinsu ta rufe baki da mafici tana yi wa ta kusa da ita raɗa. Wataƙila zancen zafi suke yi. Amma Rita ta ji a ranta cewa suke yi ga matar da ta cika gari da baki, ashe akwatin banza ta ajiye shekara shida.

Ta ƙwanƙwasa murfin. Zoben bai fasa juyawa ba. Ta ƙara, da ƙarfi, har teburin ya motsa.

"Madam, kar ki..." in ji mai kiɗan.

Ta danne maɓallin kashewa da babban yatsa har allon ya yi baƙi. Ta sake dannawa.

Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas. Wannan karon ba sai an kara kunne ba. Sai wani ɗan layin farin rubutu ya fito a saman baƙin allo, ya tsaya.

Mai kiɗan ya karanta, ya ɗago ya kalli Rita.

"Faɗa min."

"Ta ce ba ta ga faifai ba."

Aka kashe aka kunna sau biyar. Layin nan dai.

Thaddeus ya ɗauki makirufo zai ce na'ura ce ta ba da matsala. Rita ta miƙe ta karɓa daga hannunsa. Gift tana zaune cikin farar riga, ta riga ta riƙe hankici, tana jiran muryar babanta.

"Jama'a, ba za ku ji Jonah ba," in ji Rita. "An faɗa min abin da zan yi tun shekara biyu, na ƙi. An ce in jira, na ƙi. Ba wuta ba ce, ba mai kiɗa ba ne. Ni ce."

Gift ba ta yi kuka ba. Ta ninke hankicin, ta ajiye a cinya.

Ranar Litinin Rita ta tafi Zuba ita kaɗai. Malam Usaini bai ce mata ai na faɗa miki ba. Ya cire faifan, ya gwada a wata kwamfuta, ya kai wa wani abokinsa a cikin gari mai manyan kayan aiki. Bayan kwana tara ya kira ta, ya buɗe abin ya nuna mata. Wani zagayayyen karce ne a kan faifan, allurar ta kankare shi har ya yi gari.

"Da an bar kwamfutar ta gama, da ta buɗe?" in ji Rita.

"Allah ne masani, Mama. Amma da akwai dama."

"Ko kalma ɗaya ba za a samu ba?"

Ya girgiza kai.

Gift tana zaune da mijinta a Idu yanzu, har ta haihu. Duk ƙarshen wata tana zuwa ƙauye, ta kawo wa uwarta sabulu da shinkafa, ta durƙusa ta gaishe ta, su yi hirar jariri da tsadar mota. Ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Amma tun ranar bikin nan, ba ta ƙara ambaton babanta a gaban Rita ba.

Darasi: Gwanintarka a sana'arka ba ta sa ka zama gwani a ta wani. Yi ciniki iya ƙarfinka a kan farashi, amma in mai sani ya ce abu ya kusa lalacewa, ka saurara. In kwamfutarka ta fara daɗewa kafin ta tashi, musamman in tana ƙara a ciki, kar ka doke ta, kar ka kashe ta tana tsakiyar aiki, ka kwashe abin da ba za ka iya sake samu ba tun yau, ka ajiye a wuri biyu. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da hoto ko muryar wani nasa a na'ura ɗaya tak.