Telar da Yayar Mijinta Ta Zo Yi wa Jinya

Akwai wata tela da 'yan layinsu ke kira Anti Tela. Shekararta takwas da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Tun safe take hawa keken ɗinki, ba ta sauka sai ƙafafunta sun kumbura.

Da ita da mijinta suka je asibitin masu neman haihuwa, gwaji ya nuna kowannensu da tasa matsalar. Mijin ya roƙe ta kada kowa ya ji tasa, ta yi masa alkawari. Likita ta rubuta mata allurai, sannan ta ce, "Zaman nan ya yi yawa. Kullum ki taka na rabin awa. A shago ma ki riƙa miƙewa."

Ba a yi sati ba sai ga yayar mijin da akwati, wai ta zo jinya.

"Mai neman ciki ce za ta riƙa gantali a titi?" in ji Yaya. "Kwanciya za ki yi maganin ya zauna. Ni shida na haifa, ban taɓa jin wannan shirmen ba."

Wadda ta zo jinyar dai ita ta kwanta. Ta mamaye doguwar kujerar falo, nan take ci, nan take yanke farcen ƙafa. Kwanon da ta ci sai ta tura shi ƙarƙashin kujera da ƙafa, ya kwana uku har ya yi gashi. Akwai wani kofi da ta ware na tofa majina. Ga allurai na tayar wa Anti Tela zuciya, ga wannan tsami. Haka za ta toshe hanci ta kwashe, ta wanke, ta saka takalminta ta fita zagayen katangar makarantar unguwarsu.

Wata safiya ta dawo da gumi a goshi, ta tarar da maƙwabta uku a falo. Fayil ɗinta na asibiti a buɗe a kan kafet, Yaya ta ɗaga hoton mahaifarta da yatsu masu maiƙo.

"Kun gani? Nan ɓarnar take. Ƙanina lafiyarsa ƙalau."

Matan suka sunkuyar da kai. Kalma ɗaya ta ishi Anti Tela ta wanke kanta, amma ta haɗiye. Ta karɓi hoton, ta goge shi da bakin mayafi, ta shige ɗaki. Da ta faɗa wa mijin, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ki yi haƙuri, kin san halin Yaya." A ranar har shi ma ba ta son kallon fuskarsa.

A karon farko na alluran, ciki bai kama ba. Anti Tela na cikin kuka Yaya ta tsaya a kanta. "Kin zubar da shi a titi, hankalinki ya kwanta? Da ni za a koma asibitin, in faɗa wa likitar abin da kike yi."

Ta kuwa bi su. Tun kafin a ba ta kujera ta fara zuba, har da abin da ta gani a fayil.

Likita ta bari ta gama, ta ce, "Ni na ce ta yi tafiyar, kuma ba ita ta hana ba. Sau da yawa ba a dacewa a karon farko. Amma wa ya ba ki izinin buɗe fayil ɗin mara lafiya?"

"Ai ƙanina ake cuta! Namiji lafiyayye..."

"Yaya, ya isa." Mijin ne ya katse ta. "Rabin matsalar tawa ce. Takardar gwajina na aljihun motata tun ranar farko. Ta sani, ta rufa min asiri, ni kuma na zuba ido kina tozarta ta."

Yaya ta nemi miƙewa ta fice, gwiwoyin da suka yi wata biyu a kwance suka ƙi. Anti Tela ce ta kama hannunta ta ɗaga ta, ba tare da ta dube ta ba.

Kafin ƙarshen satin Yaya ta koma gidanta. Sai a karo na uku, bayan shekara guda, Allah ya ba su 'ya mace. Da Yaya ta kira tana guɗa, tana cewa ai albarkar jinyarta ce, Anti Tela ta miƙa wa mijinta wayar, ta ci gaba da shayar da 'yarta.

Darasi: Mai neman haihuwa likitanta za ta bi, ba mai surutu ba. Motsa jiki daidai gwargwado ba laifi ba ne, tona asirin mara lafiya shi ne ƙazanta. Maza kuma, kada ku bar matanku su ɗauki laifin da ba nasu kaɗai ba. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai wadda ke kuka a ɓoye yau.