Ƙafafun Kwaɗo

Ku matso ku yi shiru. Sau ɗaya zan faɗa, in na gama magana ta koma hannunku.

A Kwarin Maje, da zarar damina ta kankama, gari ya yanke da duniya. Tsakaninsa da kwalta rabin wuni ne a ƙafa, taɓo har gwiwa. Mota ba ta shiga, amalanke nutsewa yake yi. Wata ƙungiya ta taɓa ba garin babur mai ƙafa huɗu, da ɗan gado a bayansa, don kai marasa lafiya asibiti. Mutane suka sa masa suna Kwaɗo saboda yadda yake tsallake taɓo. Mati ne direbansa. Makullin kuwa gidan Alhaji Maikuɗi yake kwana, shugaban kwamitin kula da shi, mutumin da bai taɓa hawa Kwaɗo ba sai ranar ɗaukar hoto.

Bayan shekara huɗu tayoyin suka suɗe, har lambobin da ke jikinsu suka goge. Alhaji ya tafi birni bai shawarci kowa ba. Ya dawo da sababbi huɗu, dogaye, masu faɗi, duk kai ɗaya. A bakin kwalta aka sa su, aka ɗura musu iska har suka yi tauri kamar dutse.

Mati ya zagaya Kwaɗo sau biyu, ya ce, “Alhaji, waɗannan sun yi masa yawa.”

Alhaji ya ce, “Kai Mati, tuƙi aka ba ka ko shawara? Dubi yadda ya tashi, kamar motar soja!”

Jama'a suka yi tafi. Tafi fa! Tsofaffin tayoyin kuma a ranar aka ba mai yankan takalma.

Ruwan farko ya tona asiri. In Mati ya karya kwana, tayar gaba ta goga jiki tana kuka. Inji na nishi, bel na ƙauri. Bai wuce gonar farko ba Kwaɗo ya kafe, sai da shanu biyu suka jawo shi gida. Alhaji ya ce laifin direba ne.

A lokacin Lantana, matar Mati, tana wata na tara. Tabawa ungozoma ta duba ta, ta fito ta sami Mati a zaure. Ta ce ɗan a gicciye yake, wannan haihuwa sai asibiti, kuma abin bai wuce kwana bakwai ba. Mati ya je gidan Alhaji sau uku. Aka ce yana barci, aka ce yana wanka, aka ce ya tafi ɗaurin aure. Ya dawo ya tsaya gaban Kwaɗo, ransa na tafasa, ga abin hawa a ƙofar gida, ga matarsa a ɗaki, babu yadda zai haɗa su. Ko girman tayar da zai nema bai sani ba, don tsofaffin sun riga sun zama takalma a ƙafafun mutane.

Nan mutum uku suka shigo.

Ta farko Tabawa ce. Ba ta san baƙin karatu ko ɗaya ba, amma shekara talatin tana auna cikin mata da igiya tana ƙulli, ta haka take gane wanda ke girma daidai. Shekara huɗu kuma tana zama bayan Kwaɗo riƙe da masu naƙuda, ta lura ƙafafun gaba sun fi na baya siranta. Ranar da ake tafi, ita ta bi mai yankan takalma har rumfarsa, ta ce, “Dakata da wuƙar nan, ɗan nan.” Ta auna tsofaffin tayoyin da igiyarta, ta yi ƙulli uku: na tsayi, na faɗin tayar gaba, na faɗin ta baya. A na tsayin ta ƙara yatsa biyu saboda abin da hanya ta cinye. Masu zaman rumfa suka yi ta dariya, “Iya, taya ma ciki gare ta?” Ta ɗaure igiyar a bakin zaninta ta tafi. Yanzu ta kwance igiyar daga bakin zaninta ta miƙa wa Mati. Duk garin, girman ƙafafun Kwaɗo a wannan igiya kaɗai ya rage.

Na biyu Shekarau ne, abokin Mati, manomi mai taurin kai. Ya bar gonarsa ciyawa na cin ta, ya karɓi igiyar, ya rataya manyan tayoyin biyu-biyu a sanda, ya saɓa a kafaɗa, ya ratsa taɓo har kwalta, ya hau motar kaya zuwa birni. Mai shagon da Alhaji ya sayo su ya ce abin da ya fita ba ya dawowa. Shekarau ya shimfiɗa buhu a ƙofar shagon ya zauna. Duk mai saye da ya zo, sai ya tare shi ya ba shi labarin Lantana daga farko har ƙarshe. Kwana biyu mai shago ya gaji, ya fito da wasu huɗu masu faɗi ɗaya, ya ce, “Duk ɗaya ne, malam.” Shekarau ya ɗora igiya, ya ce, “Igiya ta ce a'a.” Mai shago ya kawo wasu, biyu sun ɗara biyu tsayi. “Igiya ta ce a'a.” Sai da mai shagon ya zagaye maƙwabtansa yana zage-zage, ya samo sirara biyu, masu faɗi biyu, tsayinsu ɗaya, daidai da ƙulli. Rana ta biyar Shekarau ya shigo gari, kafaɗunsa sun saɓule, ƙaya cike da tafin ƙafarsa.

Na uku Jatau ne, mai facin taya, wanda Alhaji ya tsallake ya ce ai mai facin keke ne. Kayan aikinsa ƙarfe biyu ne, da ruwan sabulu, da famfon hannu. Tun safe ya zauna. Ya duba zanen kowace taya ya fuskantar da shi gaba, don ya riƙa ture taɓo. Da aka zo hura iska, bakin tayar ya ƙi kama ƙarfen ƙafar, iska na zurarewa, kowa ya ce aikin banza aka yi, sai injin hura iska. Jatau ya ɗaure cikin tayar da igiyar shanu, ya sa sanda ya murɗa har bakin ya manne, sannan ya sa aka buga famfo. Haka ya yi wa huɗun har la'asar, hannunsa na jini. Masu kallo suka ce a ƙara iska ta yi tauri. Ya daka musu tsawa, ya rage ta har babban yatsansa na lotsa taya. Ya ce, “Ƙafar agwagwa nake so. Ƙafar jaki ita ta kafe ku wancan karon.”

Washegari da hantsi naƙuda ta tashi, ana yayyafi. Aka karɓo makulli gidan Alhaji, Mati ya hau, Tabawa ta riƙe Lantana a baya. Kwaɗo ya bi saman taɓo bai tsaya ko sau ɗaya ba. Kafin azahar suna asibiti, aka yi aiki, aka ciro 'ya mace. Likita ya ce da sun ƙara awa biyu, da uwa da 'ya babu.

Ran suna sai ga Alhaji Maikuɗi da babbar riga. Ya ci nama ya ƙoshi, ya miƙe ya ce, “Jama'a, kun ga amfanin tayoyin da muka samo.”

Mati ya miƙe. Ya ce, “Alhaji, sau uku na zo ƙofarka. Barcin ya sake ka ne yau?”

Maigari na zaune a wurin. Ya miƙa wa Alhaji hannu, bai janye ba har sai da Alhaji ya zaro makulli daga aljihu ya sa masa a tafi. Maigari ya juya ga Mati ya ce, “Kai ka ɗanɗana. Zaɓi ɗaya cikin ukun nan. Gidansa makullin zai riƙa kwana, kuma ba mai sake taɓa ƙafar Kwaɗo sai da yardarsa.”

Mati ya dubi Tabawa, tana goye da jaririya. Ya dubi Shekarau, riga ba ta sawuwa a kafaɗarsa. Ya dubi Jatau, hannu naɗe da tsumma. Ba wanda ya roƙe shi a cikinsu. Makulli kuma ɗaya ne.

To, ku da kuke zaune, da mai awo, da mai ɗauko, da mai ɗaurawa, a hannun wa Mati zai sa makullin nan?