Tawada a Yatsan Khaulat

Akwai wani tela a Mubi, sunansa Murtala. Na koyar da shi a aji uku na firamare, don haka abin da zan faɗa muku ba a bakin hanya na tsinto shi ba.

Shagonsa a zauren gidansa yake. 'Yarsa ɗaya ce, Khaulat, mai shekara uku. Da ya taka keken ɗinki sai ta sheƙo daga cikin gida tana rawa, wai keken Abba yana waƙa.

Shekarar da ƙyanda ta ɓarke, aka kafa rumfar rigakafi a bakin layinsu. Sista Margret, ma'aikaciyar jinya, ita ke yin allura. Wani mai suna Edwin yana zaune can gefe. Duk yaron da aka yi wa, sai ya shafa masa tawada a ƙaramin yatsan hagu, shaidar an yi.

Murtala bai yarda da allurar ba. Wata murya ya saurara a waya, ta mutumin da ko sunansa bai sani ba, ya riƙe ta fiye da duk abin da na koya masa. Matarsa Halimatussa'adiya kuwa ta matsa.

"Abban Khaulat, yau kwana uku ke nan. Ka bar ni in kai ta."

"Zauna ki yi girkinki, ni zan kai ta."

Ya ɗauki yarinyar, amma bai bi layi ba. Ya zagaya ta bayan rumfa wajen Edwin, wanda ya daɗe yana kawo masa ɗinki.

"Oga tela! Ka kawo mana Hajiya?"

"Taɓa mata yatsan kawai, Edwin. Uwarta ta hana ni sakat."

"Ba a yi mata ba fa."

"Na sani. Tsakanina da kai ne."

Edwin ya waiga, ya yi dariya, ya shafa. Murtala ya sayo wa 'yarsa biskit suka koma gida.

"Ba ta yi kuka ba?" in ji matar.

"Jaruma ce, ubanta ta biyo."

Ranar ƙarshe Sista Margret ta bi gida-gida tana neman yaran da aka tsallake. Ta yi sallama a gidan Murtala.

"Maman Khaulat, an yi wa yarinyan?"

"An yi, Sista, ga yatsan."

Margret ta duba, ta rubuta alama da alli a bango, ta wuce. Allurar tana cikin akwatin sanyin da ke rataye a kafaɗarta. Taku biyu ne tsakaninta da Khaulat.

Bayan mako uku zazzaɓi ya kama yarinyar, idanunta suka yi ja. Uwar ta ce ba ƙyanda ba ce, ai an yi mata rigakafi. Kwana huɗu tana ba ta maganin zazzaɓin sauro. Murtala yana ji, yana gani, yana taka kekensa. Kunyar cewa "na yi ƙarya" ta fi masa nauyi. Sai da ƙuraje suka feso, numfashinta ya fara sarƙewa, sannan aka garzaya asibiti.

Kafin su isa, magana ta riga ta cika layin: "Kun gani? 'Yar Murtala da aka yi wa allura ita ce a kwance."

A makon ne masu rigakafi suka dawo zagaye na biyu. Maƙwabciyarsu Talatu, wadda ta yi tafiya lokacin zagayen farko, ta rufe 'ya'yanta biyu a ɗaki. Ta ce, "Wadda aka yi wa ma, me allurar ta hana?" Dukansu suka kamu. Ƙaramin, Mu'azu, bai tashi ba.

A asibiti Margret ta leƙo duba Khaulat. Abin ya dame ta, don tana ganin kamar aikinta ne ya gaza.

"Baban Khaulat, ina katin da aka ba ku?"

Murtala yana riƙe da hannun 'yarsa. Ya dubi ƙaramin farcen, ga sauran tawada nan bai gama fita ba. Sai ya fashe da kuka, ya faɗi komai.

Halimatussa'adiya ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Kwana huɗu ina ɗura mata maganin sauro, kana kallona."

Khaulat ta rayu, amma ciwon ya tafi da jinta.

Ni ba na magana da ka. Na bi layin gida-gida da littafina na ƙirga. Yara ashirin da uku aka yi wa allurar, biyu suka kamu, su ma sama-sama. Tara ba a yi wa ba, bakwai suka kwanta. Amma har yau akwai masu sa Khaulat a sahun waɗanda aka yi wa allurar, suna kafa hujja da ita.

Sau uku na je shagon Murtala. Na ce masa kuka a asibiti bai isa ba, ƙaryar da ta fita layi, a layi za a ƙaryata ta. Ranar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa da bakinsa. Daga nan ya nufi gidan Talatu. Ta saurare shi ta bayan labule, ta ce, "Allah ya isa," ta rufe ƙofa. Ban ga laifinta ba.

Saura Edwin. Shekara talatin da biyar ina duba littattafan yara, ban taɓa sa maki a shafin da ban karanta ba. Shi kuwa ya sa shaida a kan abin da ya san ba a yi ba, kuma an ce min har yanzu alƙalamin tawadar yana hannunsa. Na rubuta wa hukumar lafiya takardar koke sau biyu, babu amsa. Buƙatata uku ce: a karɓe alƙalamin, a daina shafa tawada sai a gaban mai allura, a kuma ɗauki nauyin duba kunnen yarinyar nan. Takardar koke ta uku tana kan teburina, kuma ba zan gaji ba.

Jiya na wuce ta zauren. Murtala yana ɗinki, Khaulat tana tsaye kusa da shi. Ba ta rawa. Ta ɗora tafin hannunta a kan teburin keken, tana jin motsinsa. Ya kira sunanta sau biyu, ba ta waigo ba.

Darasi: Tawada tana rufe bakin mutane, amma ba ta rufe wa cuta ƙofa. Ku kai yaranku rigakafi, ku tsaya ku ga an yi, ku karɓi kati. Wanda kuma ya ƙi, kada ya ɗora ƙarya a kan ƙinsa, don ba gidansa kaɗai za ta ci ba. Ku tura wa duk iyayen da kuka sani, tun yaransu suna waigowa in an kira su.